Tofa ta dawo bayan feshi: maganin ne jabu ko ni na yi kuskure?

Manomi daga Saminaka:
Assalamu alaikum. Ina da gona mai kadada ɗaya wadda tofa ta cinye gefenta na gabas. Bayan ruwan farko na bana na yi mata feshin maganin kashe ciyawa na farakwat, washegari ganyen ya ƙone ƙurmus, amma kafin mako uku sai ga sabon tsiro ya fito kore shar kamar ban taɓa ta ba. Masara nake son shukawa, da wake a tsakani. Don Allah a ba ni shawara.

Malamin gona:
Wa alaikumus salam. Malam, da wuya maganin ya zama jabu. Farakwat yana kashe abin da ya taɓa ne kawai, ita kuwa tofa ranta yana cikin saiwoyin da ke yaɗo a ƙarƙashin ƙasa, kuma idan ka haƙa za ka same su farare, kowace gaba tana shirin toho. Abin da ya dace da ita shi ne gilayfoset, wanda ganye yake sha ya kai shi har saiwa, shi ya sa sai ya ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ciyawar ta yi ja. Ka bari sabon ganyen ya yi ƙwari tukuna, ka zaɓi ranar da babu hadari, sannan kada ka sa garma sai maganin ya gama sauka. Ka kuma guji ruwan kududdufi wajen haɗi, domin lakar da ke ciki tana ɗaure maganin ta rage masa ƙarfi.

Dattijo daga Giwa:
Ɗana, tunda ka ambaci wake, kada ka bi da maganin ciyawa na atarazin bayan shuka. Masara tana jure masa, wake ba ya jurewa, kuma yana daɗewa a ƙasa. Na taɓa asarar waken kunya goma ta wannan hanya.

Ma'aikaciyar jinya:
Ɗan'uwa, ragowar farakwat ɗin ce ta fi damuna. Ba shi da makari, kurɓi ɗaya yana iya lalata huhu, kuma Tarayyar Turai ta haramta shi tun 2007. Kada ka juye shi a robar lemo, ka kulle shi nesa da yara, ka huda robarsa idan ta ƙare don kada a ɗebi ruwan sha da ita.