Wai ƙaramar ganuwa ce ta tsayar da Sarki Sulaiman?

Ɗan_Fagge:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masana tarihi a taimaka min. Na ji an ce Sarkin Daular Usmaniyya Sulaiman ya rasu ne yana tsaka da yi wa wata ganuwa ƙawanya a Hangari, wai da gaske ne? Mutumin da ya murƙushe 'yan Hangari a yaƙin Mohach a 1526, ta yaya ganuwa ɗaya ta ba shi wahala haka?

Malam_Tarihi:
Wa alaikumus salam. Gaskiya ne ƙanena, Sigetbar ake kiran wurin, shekarar 1566. Nikola Zirinski ɗan Kuroshiya ne ke riƙe da ita da sojoji ba su kai 3,000 ba, Kuroshiyawa da 'yan Hangari. Abin da ya taimake su fadama ce, ruwa da laka ko'ina, sai da Turkawa suka janye ruwan suka cike wurin da ƙasa da itace kafin su matso, ƙawanyar gaba ɗaya ta ci musu kusan wata guda. Sarkin ya haura shekara 70 ga ciwo, a tantinsa ya cika, waziri Sokollu Mehmed Pasha kuma ya ɓoye rasuwar kar sojoji su watse.

Uwar_Gida:
To malam ai duk da haka an ci ganuwar ko? Zirinski fa da ya ga wuta ta kama ciki ƙofa ya buɗe suka fito da gudu, nan aka kashe shi.

Malam_Tarihi:
Ƙwarai hajiya, an ci. Amma rundunar Turkawa ba ta isa Biyana, babban birnin Ostiriya, ba wannan shekarar, gida ta juya.

Ɗan_Fagge:
Tirƙashi! Na gode malam. Gobe sai a ba mu labarin yaƙin Sisak na 1593.