Rufin katako ya lotsa, kamfanin inshora ya ce tsufa ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Gidan mahaifinmu ne a nan Jidda, tsohon gini mai rufin katako, kuma muna biya masa inshora duk shekara. Bayan ruwan da aka tafka a watan Janairu, silin ɗin ɗakin Hajiya ya jiƙe, katako biyu suka lotsa a tsakiya. Na danna ɗaya da ɗan yatsa ya burma, garin itace yana zuba.

Na sa an shafa kwalta a sama, ruwa na gaba ya sake biyowa ta gefen indararo. Kafinta ya ɓalle allo ɗaya, ya nuna min cin gara a bakin katakon da ke cikin bango, amma ya rantse ruwan ne ya ƙarasa shi.

Kamfanin ya turo mai dubawa, ko minti goma bai yi ba. Amsarsu: lalacewar tsufa da ɓarnar gara ba sa cikin yarjejeniya. To amma a takardar akwai ɓarnar ruwan sama, na karanta da idona. Ban ce su canza min rufi kacokan ba, silin da wayar lantarki da katifun da suka jiƙe nake magana. Yanzu Hajiya a falo take kwana, kuma ina tsoron taɓa katakon kada shaida ta ɓace.

Idan na ɗauko injiniya da kuɗina ya rubuta rahoto, Hukumar Inshora za ta karɓe shi hujja a kan rahoton kamfanin? Na gode.