Wai "scope" manufa ce ko farfajiya?

Shugaban aji: Salamu alaikum jama'a. Wani ɗan ajinmu ya rubuta "Manufar Bincike" a kundin bincikensa, a gurbin da Turawa ke cewa scope of the study, malam ya zabga masa jan biro. Yaron ya dage wai a ƙamus ya gani, scope na nufin manufa. Na duba, wallahi haka ne. Ni dai na ce an zalunce shi.

'Yar Sakkwato: Zalunci kuma? Haba shugaba. A babi na ɗaya ai manufa tana da nata gurbi daban. Wancan wurin kadadar bincike ce: waƙoƙin wa za ka duba, daga wace shekara zuwa wace, a wane gari za ka tsaya.

Ɗan Kano: Farfajiyar bincike dai, Hajiya. Kadada ai ta manomi ce.

'Yar Sakkwato: Ita farfajiyar fa, ba ta mai gida ba ce? Kowa da inda ya aro tasa.

Yaya Malami: Ku bar wannan tukuna. Yaron bai ƙirƙiro ba. Turanci ya aro kalmar ne a ƙarni na 16 daga Italiyanci, scopo, wato abin da mutum ya sa a gaba, kuma har gobe haka Italiyawa ke amfani da ita. Su ma daga Girkanci suka samo, skopos: abin da maharbi ke hari, ko mai gadin da ke hangen nesa. Daga hari aka gangaro zuwa iya inda ido ya kai. Shi ya sa kuke jin wutsiyarta a sunan madubin hangen taurari da na ganin ƙwayoyin cuta da Turanci, wato telescope da microscope. Sai dai ma'anar manufa ta tsufa a Turanci, da wuya ka ji ta a bakin wani yau.

Shugaban aji: To ka gani, Yaya! Ta tsufa, ba ta mutu ba.

Yaya Malami: Ƙanena, kuɗin wuri ma kuɗi ne. Je ka Kurmi da su ka sayo mana goro.

Injiniya: Mu a wurin kwangila ba ma wannan gardamar. Scope of work shi ne iya aikin da aka sa hannu a kai. Mai gida ya ce a ƙara masa katanga, sai a ce ba ta ciki, a kawo sabon lissafi. Manufarsa ta zama gida mai kyau ba ta shafi takardar ba. Masu jirgin ruwa ma da kalmar suke kiran tsawon sarƙar anga da aka saki.

Ɗan Kano: A Legas kuwa in an ce wani ya yi maka scope, to ya yi maka daɗin baki ya wuce da kuɗinka.

'Yar Sakkwato: Ni abin da ya fi damuna masu haɗa kadada da matsalolin bincike. Kadada kai ka shata ta da hannunka. Rashin kuɗin mota ko dattijon da ya ƙi ba ka hira, wannan dole ce ta same ka. Amma sai ka ga an cusa su a sakin layi ɗaya.

Shugaban aji: Duk na ji. Amma da malam ya yi masa bayanin nan, ba jan biro kawai ba.

Wanda aka yi wa jan biro: Ni ne fa ake magana a kaina, tun ɗazu ina karantawa. Na gyara jiya, na sa farfajiya. Yau da safe malam ya soke, ya rubuta kadada a sama.