Gona ba takin buhu, ba feshin kanti: wa ke yin me, kuma a ina aiki ke ɓaci?

Mai tambaya, Bichi:
Assalamu alaikum. Tambayata ga masu ƙaramar gona ce, eka biyu zuwa uku, da gida a gefe da 'yan dabbobi da rijiya, waɗanda suka daina takin buhu da maganin kanti. Hannu nawa ke riƙe ta, kuma yaya kuke raba aikin? Lissafi nake so, don Allah.

Dattijo, Dawakin Tofa:
Wa alaikumus salam. Manya uku na iya riƙe ta, amma a noman firi da maimai sai an ƙara hannu. Kuɗin da ka tsira da shi daga maganin ciyawa, ƙwadago zai cinye. Firi sati biyu zuwa uku bayan shuka, maimai a sati na biyar ko shida. In firi ya makara da kwana goma, harkiya ta riga ta danne gero, ko ka nome ba ya komawa yadda yake. Kada ka ba da firi jinga. Mai jinga sauri yake, sai ya share kan ciyawa ya bar saiwa, ruwa ɗaya ta dawo. Biya na yini, kuma wani ɗan gida ya riƙe fartanya a cikinsu. Balasa da kiri-kiri ba a barin su a kwari, kwashe su ake yi a fitar, don duk gaɓar da ta taɓa danshi sai ta kama.

Malamar gona, Zariya:
Baba ya faɗi gaskiya, sai dai aikin da ya fi cin mutane shi ne taki, kuma da rani ake yinsa. A ware mutum ɗaya da ramin taki ke wuyansa, in kowa ne mai shi ba mai juyawa. Rami zurfin mita ɗaya, faɗi ɗaya da rabi, a inuwa. A shimfiɗa yankakken kara a ƙasa kamar taƙi ɗaya, kashin dabbobi rabin taƙi, ɗanyen ganye, a barbaɗa ƙasa, a yayyafa ruwa, a sake har ya cika. Danshinsa: in ka damƙa ya dunƙule amma ruwa bai ɗiga ba. Soka sanda a tsakiya, bayan kwana huɗu ka zare. In ta fito da zafi, aiki na tafiya. In sanyi ƙalau, ko ruwa ya gaza ko kara ya fi kashi yawa. In wari ne kamar na kwata, ruwa ya yi yawa, a juya a ƙara busasshe. Juyi duk sati biyu zuwa uku, ya nuna a wata uku: baƙi, mai ƙamshin ƙasar farkon damina. Kada a cakuɗa toka da kashin kaji, wannan warin da ke hawa hanci ƙarfin takin ne ke tashi sama. Toka ta tafi gona ita kaɗai.

Manomin rani, Kura:
Ƙari kan na Malama. Ɗanyen kashin kaji yana ƙone dashen tumatir cikin kwana biyu, ɗanyen na shanu kuma irin ciyawa da gwazarma yake kawowa. Latas da alayyafo, abin da ganyensa ke taɓa ƙasa, a bar wata huɗu tsakanin zuba ɗanyen taki da yanka. Sharar birni kuwa sai an tankaɗe: leda, batir, kwalba, har allura ana samu. Yaran da ke wannan aikin a ba su safar hannu da takalmi, ba silifa ba.

Makiyayi, Ringim:
Akwai hanyar da ta fi jigilar mangala sauƙi. Ku shirya da mai shanu bayan girbi su kwana a gonar, su ci kara da karmami, ku samu kashi da fitsari, fitsarin ma ƙarfi gare shi kuma ba ya ɗaukuwa a amalanke. A matsar da makwancin duk kwana biyu ko uku, in ba haka ba wuri ɗaya ya ƙone, sauran ya tashi a banza. Amma a yanke magana gaban shaidu: ranar shiga, ranar fita, wa ke biyan ɓarnar lambu. Harawa a ɗaure a hau da ita bishiya kafin su iso.

Dattijo, Dawakin Tofa:
Nan ne ban yarda gaba ɗaya ba. In shanu suka cinye kara duka, da me Malama za ta cika raminta, da me za a rufe ƙasa? A raba: kashi ɗaya na rami da shinge, biyu na shanu.

Hajiya mai lambu, Wudil:
Ku maza kun tsallake darbejiya, alhali ita ce maganin gidan, kuma mata da yara ke yinta. A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, a wanke naman, a shanya a inuwa, a adana a buhun da iska ke shiga. Wanda ya yi fumfuna a zubar. Ranar aiki a ɓare, a daka rabin kilo, a jiƙa a lita 10 ya kwana, a tace da ɗankwali sau biyu don kada ya toshe bakin famfo, a narka ɗan sabulu a ciki. Da yamma ake fesawa, har ƙarƙashin ganye, don rana na kashe ƙarfinsa, kuma a sake duk kwana biyar zuwa bakwai. Ba ya zubar da ƙwaro nan take, hana shi ci yake, shi ya sa ɗan ƙwadago ke cewa bai yi ba. Turmin da aka daka shi kada ya koma na fura. Kuma famfon feshi ya zama naku na kanku. Wanda aka taɓa zuba maganin ciyawa a ciki, ko an ɗauraye, yana murɗe ganyen tumatir.

Manomin rani, Kura:
Hajiya, a faɗa masa iyakarta. Sharon, tsutsar nan da ta cinye tumatir a 2016, cikin ganye take shiga, darbejiya ba ta isa gare ta sosai. Sai dubawa kowace safiya, a tsinke ganyen da ya yi farin tabo a binne, kuma kada a bi tumatir da tumatir ko gauta a fili ɗaya. Tsutsar masara ma haka: a murƙushe ƙwan a bayan ganye, a zuba toka da yashi a cikin kan masarar tun tana ƙarama.

Ɗan'uwa, Maradi:
Mu nan in ƙasa ta zama fako, tassa muke yi da rani: rami faɗin taƙi ɗaya da ɗan ƙari, zurfin rabin haka, taku ɗaya tsakani, ƙasar a tara ta gefen gangare, taki cikin hannu biyu. Taki kaɗan ya isa fili mai yawa, amma haƙan na cin ƙarfi, gayya ta fi. Wajen sassabe kuma ku hana yara sare tohon gawo. A bar reshe biyu ko uku masu ƙarfi a kututture, a datse saura. Da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa hatsi inuwa.

Malamar gona, Zariya:
Wuta-wuta a tuge ta kafin ta yi fure, a ƙone a wajen gona. Irinta na wuce shekara goma a ƙasa. A bi dawa da gyaɗa ko waken suya. In kuna neman takardar shaidar cewa amfaninku ba takin buhu ba maganin kanti, don sayarwa waje, ana ƙirga shekara 2 zuwa 3 daga feshi na ƙarshe, kuma a bar tazara da shinge ta gefen maƙwabci mai feshi. A samu littafi, mai karatu a gidan ya riƙa rubuta abin da ya shiga kowane fili da ranarsa.

Hajiya mai lambu, Wudil:
Saura rumbu. Ana iya shekara ba a taɓa magani ba, a zo ajiya wani ya zuba wa wake fiya-fiya. Irin wannan ne ya sa Tarayyar Turai ta dakatar da waken Najeriya a 2015. A shanya har ƙwaya ta yi ƙas a haƙori, a zuba a buhun PICS, wato buhun ajiya mai ninki uku da iska ba ta shiga, a matse iska, a ɗaure kowane ciki daban, a ɗora kan katako nesa da bango saboda ɓera. Na cin gida a ware shi a jarka, don buhun da ake buɗewa kullum ba ya kashe ƙwaro.

Mai tambaya, Bichi:
Allah Ya saka da alheri. Malama, akuya shida da kaji talatin za su cika rami nawa kafin damina, ko sai na nemi Malam na Ringim?