Neman kalmar Hausa: me za mu kira "industrial cluster"?

Mai fassara: Assalamu alaikum, malamaina. Gobe da safe za a karanta wani rahoto da nake fassarawa a rediyo, kan yadda ƙanana da matsakaitan sana'o'i ke bunƙasa idan suka taru a wuri guda, kuma kalmar "cluster" ta gagare ni. Abin da ake nufi shi ne irin abin da ke garin Kura, inda noman rani da ruwan madatsar Tiga ya tara mata masu turara shinkafa, da masu injin casa, da masu gyaran injin, da masu sayar da buhu, da dillalai, kowa yana cin abinci ta hannun ɗan'uwansa. Na rubuta "rukunin masana'antu", amma hankalina bai kwanta ba.

Tsohon ɗan jarida: Wa'alaikumus salam, Malama. Ki bar "rukuni". Mai sauraro zai tuna Bompai ko Sharaɗa ko Challawa, filayen da aka yanka aka ce a zo a gina, inda mai yin roba zai iya maƙwabtaka da mai jimar fata ba tare da wani ciniki ya haɗa su ba. Wani kuma zai ɗauka kamfanonin attajiri ɗaya ake nufi. Ni "matattara" nake gani.

Ɗalibar tattalin arziki: Me zai hana "gungu", tunda muna cewa gungun taurari?

Tsohon ɗan jarida: Labaran shekarun nan sun ɓata ta, 'yata. Da zarar an ce gungu a rediyo, kunne 'yan bindiga yake jira.

Malamin Hausa: Abin da ke ba ni takaici shi ne muna lalube kamar kakanninmu ba su san wannan tsari ba, alhali karofin Ƙofar Mata yana nan tun 1498, kuma unguwanninmu sunan sana'a suke ɗauka: Dukawa, Marina, Maƙera. Na daɗe ina koya wa ɗalibaina "zangon sana'a", domin a zango ne fatake ke sauka, mai masauki da dillali da mai abinci su rayu da su. Ita "masana'anta" ma aro ce daga Larabci.

Ɗan Kumasi: Allah ya gafarta Malam, ita ma "sana'a" ai daga can ta fito. Sannan a nan Ghana zango unguwar da muke zaune ce. Muna da Suame Magazine, inda dubban makanikai da masu walda da masu kayan gyaran mota suke aiki kafaɗa da kafaɗa, kuma idan na kira wurin zango, mutanena za su ɗauka ban san garin ba.

Malamin Hausa: Daidaitacciyar Hausa ba a Kumasi aka tsara ta ba.

Ɗan Maraɗi: Wannan maganar ce ke sa mu ja da baya, Malam. Duk lokacin da za a zaɓi kalma, sai a nuna mana cewa abin da Kano ba ta sa wa albarka ba ba Hausa ba ne, alhali rediyon nan har mu muna kama shi, kuma 'yan kasuwarmu suna cikin masu sayen kayan da ake magana a kai. Ko a wurinmu zango masaukin mai wucewa ne, su kuwa mutanen Kura zaunannu ne.

Ɗalibar tattalin arziki: Don Allah mu koma kan aikin Malama. Damuwata ita ce "matattara" tana nuna taruwa kawai, ba ta nuna dogaron da ke tsakaninsu, wanda shi ne tushen bunƙasar: yaron da ya koyi aiki a wannan rumfa ya buɗe tasa a kusa, inji ya lalace a sami mai gyara nan take, mai saye daga nesa ya zo wuri ɗaya ya cika mota. Kuma matar da ke turara shinkafa da rabin duro a ƙofar gida ba za ta ji kanta a cikin "masana'antu" ba.

Mai fassara: Na gode ƙwarai. Zan rubuta "matattarar masu sana'a", a ambaton farko in ƙara "waɗanda ke dogaro da juna", in kawo misalin Kura da Panteka, kasuwar masu ƙere-ƙere ta Kaduna, daga nan in ci gaba da "matattara" kaɗai.

Malamin Hausa: Wannan bayani ne, bai zama kalma ba tukuna. Ki yi amfani da shi gobe tunda lokaci ya ƙure, amma ni a ajina "zangon sana'a" zan ci gaba da koyarwa har a kawo abin da ya fi shi.