Shin har yanzu akwai aji-aji a jirgin ruwa na Queen Mary 2?

Auta: Salamu alaikum. Anti, mun ga hotunan tafiyarku daga Southampton zuwa New York, ma sha Allah. Kwana bakwai a kan Tekun Atlantika! Ni abin da ya fi burge ni shi ne zamanin Titanic ya wuce. Yanzu duk wanda ya biya kuɗin jirgi, zauren rawa ɗaya, wurin tausa ɗaya, abinci ɗaya. Babu ɗan aji na ɗaya, babu ɗan aji na uku.

Kawu: Wa alaikumus salam. Kai Auta, wa ya faɗa maka abinci ɗaya ne? Tambayi Antin taka a wane ɗaki ta ci tuwon dare.

Anti: A Britannia muka ci, Yaya. Shi ne babban ɗakin cin abinci, hawa biyu ne, kuma a nan mafi yawan fasinjoji suke ci.

Kawu: Yawwa. Da kin ce yau kina sha'awar ci a Queens Grill fa?

Anti: Ba za a bar ni ba. Ɗakin kwanan da mutum ya kama shi ke yanke masa inda zai ci.

Kawu: Shi ke nan, na gama. Britannia, Britannia Club, Princess Grill, Queens Grill. Mataki huɗu. Titanic ma uku gare shi. Ba a rage komai ba, suna kawai aka canza wa tuwo. 'Yan Grill suna da falonsu na shaƙatawa da barandarsu da ba kowa ke takawa ba, na Queens Grill kuma har da hadimi na musamman mai kula da ɗakinsu. Ƙwarya ta bi ƙwarya, kamar yadda aka saba tun 1912, shekarar da Titanic ya nutse.

Yaya Babba: Kawu, a gafarce ni, amma kwatancen ya yi nisa. A Titanic ƙofofi ne na ƙarfe tsakanin 'yan aji na uku da sauran jirgin. Dokar shige da fice ta Amurka ce ma ta tilasta a ware su, saboda binciken lafiya idan an isa. Mutum sama da 700 a aji na uku, kwamin wanka biyu kacal aka tanadar musu. Wurin ninƙaya da wankan tururi irin na Turkawa kuwa na 'yan aji na ɗaya ne zalla, su ma sai sun biya sule huɗu kafin su shiga tururin. Yau a Queen Mary 2 mai ɗakin da ba shi da ko taga yana iya yawata kusan ko'ina. Wannan ba canjin suna ba ne kawai.

Anti: Gaskiya ne. Ni dai gani ya kori ji. Kullum ƙarfe 3:30 na yamma ana shan shayi a Queens Room, babban zauren rawa. Masu hidima da fararen safar hannu suna zagayawa da butar shayi da ƙananan burodi da kek, ga masu kiɗa a gefe, ba a karɓar ko kwabo. Wata dattijuwa da na zauna kusa da ita har kwana uku, sai daga baya na gane a Queens Grill take. Da ba ta faɗa ba, ba yadda za a yi in sani.

Kawu: Ita ta iya saukowa wurinki, ƙanwata. Ke kin iya hawa wurinta?

Auta: Kai Kawu! 😂

Yaya Babba: To ai haka jirgin sama yake, kuma ba mu taɓa jin Kawu ya yi ƙorafi ba. Labule ake ja tsakanin kujerun gaba da na baya, na gaba su miƙe ƙafa su ci a faranti, mu a ba mu a leda. Iya kuɗinka iya shagalinka. Kuma a tuna dalilin da ya sa jiragen nan suka koma haka. Daga 1958 da jiragen sama masu injin jet suka fara tsallaka Atlantika cikin sa'o'i, babu mai shiga jirgin ruwa don yana sauri ko don talauci ya koro shi. 'Yan aji na uku na da, yawancinsu 'yan ci-rani ne masu neman sabuwar rayuwa a Amurka. Wanda ya hau Queen Mary 2 yau, ko a ɗaki mafi araha yake, hutu ya je yi.

Malam: Na daɗe ina karantawa ban tsoma baki ba. Yaya Babba ya taɓo wurin da ya kamata, amma bai ƙarasa ba. Bambancin aji a Titanic bai tsaya a faranti ba, ya kai ga rai. Cikin 'yan aji na ɗaya wajen kashi 60 cikin 100 suka tsira, cikin 'yan aji na uku kuwa wajen kashi 25. Wannan kam ya wuce, domin bayan haɗarin aka kafa dokar cewa kowane jirgi ya ɗauki kwale-kwalen ceto da za su ishi kowa. Idan wannan Auta yake nufi, yana da gaskiya. Idan kuma yana nufin babu fifiko, Kawu ya fi shi. Wani abin lura ma, kamfanin White Star mai Titanic ya haɗe da Cunard a 1934, kuma Cunard ne mai Queen Mary 2. Gado ne, kuma ba ɓoye shi suke yi ba, shi suke sayarwa.

Kawu: Allah ya saka da alheri, Malam. Bari in ƙara wata ƙofar da ba ta ƙarfe ba. Ƙanwata, ba ke kika ce akwai daren da sai da baƙar kwat da ɗaurin wuya ake shiga manyan zaurukan ba?

Anti: Daren gala, eh. Daga ƙarfe 6 na yamma ake fara bin ƙa'idar tufafi. Wanda bai so ya yi shigar ba, sai ya tafi Kings Court inda kowa ke ɗibar abinci da kansa, ko mashayar Golden Lion, ko G32.

Kawu: Kun ji. An cire ƙarfe an sa yadi.

Yaya Babba: Haba Kawu, kai da ba ka zuwa ɗaurin aure sai da babbar riga da hula? Wannan zaɓi ne, ba tarewa ba.

Auta: Mene ne G32 kuma?

Anti: Gidan rawan dare ne, na matasa da masu ƙarfin jiki. Sunan kuwa lambar da aka ba jirgin ce lokacin da ake ƙera shi a Saint-Nazaire ta Faransa, kafin ya fara aiki a 2004. Ban leƙa ba, haka gidan caca. Mu bayan isha'i ko dai zauren wasan kwaikwayo, ko mu zaga bene mu sha iska. Da rana kuma akwai ɗakin kallon taurari, Illuminations, da ɗakin karatu mai dubban littattafai. Can na fi daɗewa.

Yaya Babba: Wurin tausa fa, Anti? Nan ne zan kama Kawu.

Anti: Shi kuɗinsa daban ne, ba ya cikin tikiti. Akwai kwamin ruwan ɗumi mai ɓulɓulo, da ɗakin tururi irin siracen nan namu amma na jiki duka, da ɗakunan tausa. Ba a tambaye ni wane ɗaki nake ba, kati kawai na miƙa.

Yaya Babba: To Kawu?

Kawu: To me? Da can aji ne ke hana ka, yanzu aljihu ne. Wanda ya tara shekara biyu kafin ya haɗa kuɗin tikiti, da me zai biya tausa? Abin sha daban, tukwicin ma'aikata da ake ƙarawa kullum daban.

Malam: Ni tambayata ta fi wannan sauƙi. Naman fa, Hajiya?

Anti: Kifi da ganye na fi ci, Malam, kuma ban ji yunwa ba ko sau ɗaya. Mai buƙatar abinci na musamman tun kafin tafiya ake so ya sanar. Wasu miyoyin da giya ake haɗa su, don haka duk abin da ban gane ba sai na tambaya.

Malam: Madalla. Ko Titanic yana da kuku na musamman mai dafa wa Yahudawan aji na uku abinci bisa ƙa'idar addininsu. Amma ga abin da duk muka tsallake. Muna ta lissafin fasinjoji wajen 2,600, mun manta da ma'aikata sama da 1,200. Masu farar safar nan, da masu wanke faranti, da masu tausar, da yawansu daga Filifin da Indiya suke, watanni suke yi ba su ga iyalinsu ba, kuma a can ƙasan jirgi suke kwana suke ci. Idan ana neman 'yan ci-rani a jirgin yau, su ne.

Auta: Gaskiya ban yi tunanin wannan ba. Amma dai ban janye duka ba, Kawu. Rabin maganata na nan.

Kawu: Riƙe rabin, ni ma ina riƙe da nawa. Ƙanwata, da gaske ne har karnuka suna da ɗakunansu a ciki?

Anti: Da gaske, a can sama, da mai kula da su. Kuma abin da za ka so, Yaya, idan ana tafiya yamma ana mayar da agogo baya da awa ɗaya har dare biyar, sai yini ya zama awa 25. Lokutan salla ne suka riƙa rikita ni, kullum sai na sake lissafi.

Kawu: Ita wannan ƙarin awar, kowa ake ba ko sai 'yan Grill?

Anti: Kowa, Yaya. Bari in nemo hoton takardar abincin daren ƙarshe in turo, kai ma ka zaɓi abin da za ka ci.