Darakta ya ce wasana ya yi yawa, me zan rage?

Ɗan Gwammaja:
Assalamu alaikum. Tun ina sakandare nake wasan daɓe, har yanzu kuma ina cikin ƙungiyar dirama ta unguwarmu. Makon jiya wani furodusa a titin Gidan Zoo ya ba ni fitowa ɗaya a fim ɗinsa: yaron gidan da zai shaida wa Alhaji an kama ɗansa. Na shigo a guje, na zaro ido, na ɗaga murya. Darakta ya ce, "Kat! Malam, ka rage." Aka sake, ya ƙara cewa in rage. Alhali a daɓe irin wannan ake yi mini tafi a kai. Don Allah magabata, ina gyaran yake?

Baba Mai Dirama:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kar ka karaya. 'Yan Tumbin Giwa da suka yi fim ɗin Turmin Danya a 1990 su ma daga ƙungiyar dirama suka fito, don haka tushenka mai kyau ne. A daɓe kana wasa ne don na can bayan fili ya ji, ya gani. Kamara kuwa in ta matso, fuskarka ce ke cika allo, ko ƙifta ido ka yi an gani. Kafin a ce "akshin", tambayi mai ɗauka daga ina zuwa ina yake ɗaukarka.

Amma ni abin da ya fi damuna shi ne yaron da aka ba ka. Ka taɓa ganin yaron gida ya kai wa maigidansa mugun labari da ihu? Takalmi yake cirewa, ya durƙusa, ya yi ta jan gaisuwa, idonsa a ƙasa, yana murza yatsu, sai Alhaji ya gaji ya ce, "Kai, lafiya?" Sannan maganar ta fito da ƙyar. Tsoron nan shi darakta yake nema.

Maman Ilham:
Gaskiya ne, Baba. Ƙanena, ka kuma riƙa sauraron abokin wasanka. Sababbi da yawa haddarsu kawai suke jira, ana yi musu magana amma fuskarsu ba ta amsawa. Ka sa wani ya ɗauke ka da waya, ka kashe sautin ka kalla. Nan za ka ga inda hannu ya yi yawa.

Na Fagge:
Ni dai ban yarda kullum ragewa ake yi ba. Marigayi Ibro da jikinsa duka yake wasa, kuma kamarar ce ta ɗauke shi. Barkwanci daban, fitowar tashin hankali daban. Sannan ka riƙe yadda ka kafa hularka da hannun da ka riƙe waya, don za a maimaita ɗauka ta wata kusurwa, in suka saɓa mai tacewa, wato mai harhaɗa hotunan fim ɗin, shi ne zai sha wahala.

Ɗan Gwammaja:
Allah ya saka da alheri. Ranar Asabar za mu koma lokeshan, yau da daddare zan gwada na wayar nan.